Saƙar kwando a rigar filo: me ke cinye zanen, kuma yaya ake tsare shi?

Wata 'yar uwa daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ta aiko da tambaya. Tana haɗa wa ƙanwarta kayan ɗaki, za a yi biki bayan kaka, kuma ta ƙudura za ta saƙa mata filon kujera guda shida da tsinke biyu, da zanen nan mai kama da kwando. Ta gama biyu. Na farko zanensa bai fito ba, ga ƙananan ramuka, auduga tana leƙowa ta ciki. Na biyun ya ɗan fi, amma da ta wanke ta goge shi sai ya kwanta shafal kamar ba a taɓa yi masa zane ba. Ta ce: "Hajiya, zaren ne ba shi da kyau ko hannuna ne? In ci gaba, ko in haƙura in sayi na kanti?"

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Kada ki sayi na kanti. Hannun da ya gama biyu zai gama shida, kuma duk abin da kika lissafa na san inda ya fito, don na daɗe ina wannan saƙa ina kuma koya wa mata ita a tsakar gidana. Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, saƙar kwando ba ta da wani ado sai tudu da kwari. Babu fure, babu dutse, babu launi biyu. Inuwar da tudun yake jefawa cikin kwarin ita ce zanen gaba ɗaya. Duk abin da ya taɓa tudun nan, zare ne ko tsinke ko dutsen guga, ya taɓa aikin duka.

A saƙar tsinke biyu ido, wato kowane madaukin zare da ke kan tsinke, iri biyu ne kawai. Ni ina ce musu tsaye da kwance, saboda kamanninsu. Na tsaye shi ne wanda kike yi zare yana bayan tsinke, ya fito sumul kamar harafin V, in sun jeru sama-sama su zama kamar siririn kitso. Na kwance shi ne wanda kike kawo zaren gabanki, ya bar ɗan gudaji a gicciye kamar ƙwayar shinkafa. Asalinsu ɗaya ne: abin da yake tsaye a fuskar aiki, in kin juya bayan za ki tarar da shi kwance. To ga abin da yawancin masu koyo ba a faɗa musu. In tsaye da kwance suna gefe da gefe, tsaye ne yake tasowa, kwance ya lotsa. In kuwa ɗaya yana saman ɗaya, kwance ne yake kumburowa ya hau bakin tsaye. A saƙar kwando dukkan biyun suna faruwa wuri ɗaya, shi ya sa mai kallo yake ganin kamar wani zare ya nutse ƙarƙashin wani ya ɓullo a gaba, yadda kaba take hawa da sauka a tabarma. Wannan jan da suke yi wa juna kuma shi ke hana bakin aikin naɗewa, abin da saƙar da fuskarta tsaye ce zalla ba ta taɓa bari.

Mu fara da zare, tunda shi kika fara zargi. Abin da muke kira ulu a kasuwanninmu, mafi yawansa ba gashin tumaki ba ne, na roba ne. In kina so ki tabbatar, ki yanki ɗan guntu ki kanga masa ashana a waje. Na roba zai narke ya dunƙule ya bar baƙin ƙulli mai tauri. Na auduga zai ci da wuta ya bar toka mai laushi, da wari irin na takarda. Na gashin tumaki kuwa warin ƙonannen gashi yake yi. Na roba ba laifi ba ne a filon kwalliya, yana da araha, yana jure wanki, sai dai ba ya shiri da zafi ko kaɗan, kuma zan dawo kan wannan. Na auduga ya fi fito da zane ƙarara, ya fi sanyi a jiki lokacin bazara, amma ba ya miƙewa ya dawo, don haka yana gajiyar da yatsu kuma yana tona asirin duk idon da bai yi daidai ba. Akwai masu tambayata abawar da tsofaffinmu suke kaɗawa da mazari. Ina son ta ƙwarai, amma kaurinta yana hawa yana sauka, kuma zane mai lissafi irin wannan yana son zare mai kauri ɗaya tun daga fari har ƙarshe.

Launi kuwa, ki ɗauki guda ɗaya, mai haske ko matsakaici: ruwan madara, ruwan toka, ruwan zuma, ruwan hoda, sararin samaniya. Zaren nan mai sauya launi a jikinsa ki bar shi don hular yara, domin launukan suna jan ido su rufe inuwa. Baƙi da shuɗi mai duhu su ma haɗiye inuwar suke yi, balle a ɗakin da haskensa taga ɗaya ce da ƙofa. Fari tas kuma ba ya kwana biyu a hunturu. In ranki ya biya da shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata ko na Kura, ki sa a tsoma miki zaren auduga tsomi mara yawa don ya fito da haske, ki wanke har ruwan ya daina sauyawa, sannan ki goga shi a farin ƙyalle ki gani. In ya bar shuni, zai bar shi a rigar baƙo. Kuma ki sayi duk zaren da kike buƙata rana ɗaya wuri ɗaya, ko a Gujungu ran Lahadi ko ki aika Kasuwar Sabon Gari a Kano. Rini yana bambanta daga zubi zuwa zubi ko da sunan launin ɗaya ne. In akwai lamba a takardar jikin zaren, ki duba ta zama iri ɗaya.

Ramukan da kika gani da zanen da ya ƙi fitowa, ina kyautata zaton tsinkenki ya fi ƙarfin zarenki. Rigar sanyi ana son ta yi laushi ta zuba, rigar filo kuwa miƙa ta za a yi a kan abu mai kumburi, don haka dole ta yi ƙiƙam. Zaren kasuwa yawanci siriri ne. Ki haɗa biyu ki saƙa su tare kamar ɗaya, da tsinke mai kaurin milimita 4 ko 4.5. In kuwa da zare ɗaya za ki saƙa kuma takardarsa ta faɗi lambar tsinke, ki sauko da rabin milimita ko ɗaya. In ba ki sami na kanti ba, kafinta zai fere miki na gora, ki bi shi da sanfefa ki shafa masa kyandir, amma ki tabbata kaurin biyun ɗaya ne.

Kada ki ɗora idon filo sai kin yi gwaji. Na san ana ƙyashin wannan, ana ganin ɓata zare ne, amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ki ɗora ido 29, ki saƙa zanen da kansa har tsawon inci 5, ki rufe, ki wanke, ki shanya a kwance. In ya bushe ki ja shi a bayan hannunki. In kina hango fatarki, tsinken ya yi girma. In ya yi tauri kamar kirgi har tudun ya ƙi motsi, ya yi ƙanƙanta. Sannan ki ɗora tef ɗin tela a tsakiyarsa, ba a baki ba, ki ƙirga ido nawa ne a inci 4. A ce kin sami 18, wato huɗu da rabi a kowane inci. Filon da aka saba yi wa kujera inci 16 ne kowane gefe, amma rigar za ki yi ta inci 15, ta gaza shi da inci ɗaya, don ya cika ta ya ɗame. 15 sau huɗu da rabi ya ba ki 67 da rabi. Daga nan sai ki nemi adadin da zanen yake karɓa mafi kusa da wannan.

Zanen iri biyu ne da nake koyarwa. Na farko shi ne mai gida-gida, kamar allon dara. Yana son adadin da 8 take rabawa, a ƙara 4, don gefe biyun su yi kama da juna. A lissafinmu 68 ke nan. A layin fuska ki yi tsaye 4, kwance 4, har ki ƙare da tsaye 4. A layin baya ki bi abin da kika gani: inda V yake kallonki ki yi tsaye, inda gudaji yake ki yi kwance. Ki yi haka har layi 6, sannan ki juya tsarin, ki fara da kwance 4, wasu layi 6. Dalilin da ya sa ido 4 amma layi 6 shi ne ido ya fi faɗi a kan tsawo, in kika yi huɗu da huɗu gidan zai fito a taɓe. Wannan gabansa da bayansa duk ɗaya ne, kuma yana da sauƙi, amma ni a ganina bai kai na biyun kyau ba.

Na biyun shi ne kwando na gaske, kuma shi nake so ki yi wa amarya. Yana son adadin da 8 take rabawa, a ƙara 5, wato 69 a wurinki. Layi takwas ne yake zagayowa, kuma sunan da zan faɗa shi ne abin da hannunki zai yi a wannan layin, ko fuska kike ko baya. Layi na 1, a fuska, tsaye duka. Na 2, tsaye 5, sannan kwance 3 tsaye 5 har ƙarshe. Na 3, kwance 5, sannan tsaye 3 kwance 5 har ƙarshe. Na 4 kamar na 2. Na 5 tsaye duka. Na 6, tsaye 1, sannan kwance 3 tsaye 5 har ya rage ido 4, ki yi kwance 3, tsaye 1. Na 7, kwance 1, sannan tsaye 3 kwance 5 har ya rage 4, ki yi tsaye 3, kwance 1. Na 8 kamar na 6. Sai ki koma na 1. Layin nan biyu na tsaye zalla, na 1 da na 5, su ne ruhin abin. Su suke ƙara wa sandar tsaye tsawo har ta zama kamar ta shige ƙarƙashin ta kwance, kuma su suke tsabtace bakin kowane gida. Mata da yawa suna tsallake su don sauri, sai zanen ya dagule. A kowane gefe ki ƙara ido ɗaya wanda ba ya cikin lissafi, ki riƙa yin sa tsaye a fuska, kwance a baya. Shi ɗinki zai cinye. Ke nan 71 za ki ɗora. In kin kusa inci 15, ki tsaya bayan layi na 4, ki ƙara na tsaye ɗaya, ki rufe baki ba tare da matsewa ba, don sama ta yi kama da ƙasa.

Saƙa a gidan da ake girki da raino ba ta rasa katsewa. Ki ajiye ƙwayar wake takwas a murfi, duk layin da kika gama ki mayar da ɗaya wani murfin. A kan tsinke kuma ki rataya ɗan zoben zare mai wani launi bayan kowane ido 8, in lissafi ya kuskure za ki gane a gidan da ya faru, ba sai kin kai ƙarshen layi ba.

Akwai wasu ramukan da ba na tsinke ba ne, na hannu ne, kuma iri biyu ne. Na farko yana faruwa wurin sauyawa daga tsaye zuwa kwance. Zaren dole ya bi ta tsakanin tsinkayen biyu ya dawo gaba, ko ya koma baya. In ya bi ta saman tsinke, kin haifi sabon ido da rami a ƙarƙashinsa, kuma 71 ɗinki ta zama 72. Ki riƙa ƙirgawa duk bayan layi takwas. Na biyun ya fi ɓuya. Ki duba sandunan tsayenki da kyau, za ki ga idon ƙarshe, wanda yake dab da kwance, ya fi 'yan uwansa faɗi. Ba sakacinki ba ne. Hanyar da zare yake bi daga tsaye zuwa kwance ta fi tsawo, rarar kuma sai ta koma cikin idon da ya gabata. Maganinsa: in kin yi kwance na farko, ki mayar da zaren baya ki ja shi sosai, sannan ki dawo da shi gaba ki ci gaba. Da farko zai rage miki sauri, bayan kwana biyu hannu zai riƙa yi da kansa. Wannan ɗan jan shi ke bambanta aikin da bakin gidajensa yake a yanke da wanda yake a wargaje. In kuma ido ya suɓuce ya gangara, kada ki warware. Ki ɗauko kwarashi ki hawo da shi mataki-mataki, ta fuska in tsaye ne, ki juya ta baya in kwance ne.

Auduga tana leƙowa ne don kin zuba ta kai tsaye cikin saƙa. Saƙa riga ce, ba buhu ba ce. Ki ba tela akoko ko wani yadi mai ƙarfi ya ɗinka miki jakar ciki inci 16, launin da ya yi kusa da na zaren, kuma ki ce ya ɗan shigo da kusurwoyi huɗun da kamar rabin inci, don kada filon ya fito da kunnuwa. Audugar rimi ita na fi so, ba ta da nauyi kuma tana da daɗin jingina, amma gashinta gajere ne mai santsi, ko ƙaramar kafa ya samu sai ya fita. Ki tsince 'ya'yan tas, don ɓera yana binsu har cikin filo, ki shanya ta a rana, ki rufe hancinki lokacin cusawa. Ki fara cika kusurwoyi kafin tsakiya. Gutsattsarin soso ki guje shi, ƙulle-ƙullensa suna fitowa ta jikin saƙa su yi gasa da zanen.

Bayan filon ba dole ne ki saƙa shi ba. Fuska ɗaya kusan layi 100 ce, sau ido 71, ido dubu bakwai da ɗoriya ke nan, zare kuma wajen giram 100. In kika yi bayan da yadi, kin rage rabin aiki da rabin kuɗin zare. Ki yanka yadin gida biyu, ɗaya ya hau kan ɗaya da inci 4 a tsakiya, ta nan za a riƙa cire filon a wanke rigar, babu ruwanki da zif da ke cin zare. Ki haɗa shi da saƙar da hannu, ɗinki ƙanana, domin ƙafar keke tana jan saƙa ta bar bakin yana igiyar ruwa. In kuwa gaba da baya duk saƙa ne, ki shimfiɗa su gefe da gefe fuska tana sama, ki ɗauki basilla mai dakusasshen baki da zaren aikin, ki riƙa ɗaukar ɗan zaren da ke tsakanin ido na farko da na biyu, nan ɗaya can ɗaya, kina ja a hankali. Ɗinkin zai ɓace ciki.

Yanzu ga guga, kuma nan ne raina ya fi sosuwa da na karanta saƙonki, don ya taɓa faruwa da ni. Shekarun baya na saƙa wa wata amarya a dangi filo huɗu ruwan madara. Daren da za a kai jere na ga sun ɗan yamutse a jaka, na hura gawayi na ɗora dutsen guga a kan biyu daga ciki. Nan take suka yi ƙyalli suka saki, tudun ya tafi. Wata biyu na yi a kansu, kuma na kai guda biyu ne kawai ɗakin. Zaren roba in zafi ya ratsa shi, gashinsa yana laushi ya daskare a yadda aka danne shi, kuma ba ya komawa har abada, ko an sake wankewa. Don haka kada guga ya kusanci wannan saƙa, ko da ƙyalle a tsakani. Ko na auduga ne, wanda yake jure zafi, danna shi yana kwantar da tudun. Wankinsa da hannu ne, ruwan sanyi, sabulu kaɗan, a juye ciki waje. Kada a murɗe, a naɗe shi a tawul a danna, a shimfiɗa a kan tabarma a inuwa, a gyara kusurwoyinsa da yatsu. In aka rataye shi a igiya nauyin ruwan zai ja shi ya yi tsawo. Yamutsewa kuwa, da an saka filon ciki ta tafi.

Ki faɗa wa amaryar wannan da bakinki, ki haɗa mata da maganar wuta. Ɗakin amarya ba ya rabuwa da kaskon turare. Audugar rimi tana kama wuta da sauri ƙwarai, zaren roba kuma narkewa yake yi ya manne a fata. Kasko da maganin sauro na kunnawa su yi nesa da kujera. A hunturu ya isa a cire rigunan a kakkaɓe su sau ɗaya a mako, ba sai an yawaita wanki ba.

Guda biyun da kika riga kika yi, na farko bai lalace ba. Ki warware shi, ki naɗe zaren a bayan kujera, ki ɗaure shi wuri huɗu, ki tsoma a ruwa ki shanya don lanƙwasar ta sake, ki sake saƙa shi da ƙaramin tsinke. Wanda guga ya taɓa kuwa zarensa ya mutu, ko kin warware ba zai ƙara tashi ba. Ki bar shi a ɗakinki, ki ƙara zaren filo ɗaya a cikin sayayyarki. In kina samun layi 12 zuwa 16 a rana tsakanin azahar da la'asar, fuska ɗaya mako guda ce, shida kuma wata ɗaya da rabi, za ki gama kafin a shigo da gero. Ki fara da gwajin nan na ido 29, in ya bushe ki aiko min da adadin da kika ƙirga a inci 4, in ya bambanta da 18 sai mu sake lissafin tare.